Daga Nesa Muke Ɗaukar Manya

Wanda bai ga layin da ake yi a ƙofar shagon mai hoto ranar Salla a Maraɗi ba, can cikin shekarun 1980, da wuya ya yarda an taɓa yin zamanin da hoto ɗaya tak kan sa mutum ya yi wanka, ya zizara kwalli, ya tafi aron agogo wurin abokinsa. Ana saukowa daga idi ake fara taruwa. Ƴan mata daga Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka, lalle ya kama jawur, samari cikin sabon ɗinki ko karin guga bai baje ba, magidanci riƙe da hannun ɗansa na fari. A shagon da na koyi aiki, wajen Sabon Gari, kayan adonmu ba su da yawa: labule mai zanen bene da jirgin sama, kujera guda, tukunyar furen roba, da tarho wanda ba a haɗa shi da kowace waya ba. Duk da haka kowa yakan zauna ya nutsu, don ya san katin nan zai daɗe a bangon ɗaki fiye da rigar da ke jikinsa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, wurin wani Bayarabe ya koyi sana'ar. Haka abin yake a lokacin, baƙi ƴan kudu ne suka fara riƙe aikin hoto a garuruwanmu, daga Nijeriya da Togo da Dahomey. Ko a Yamai, Philippe Koudjina da ya yi suna wajen ɗaukar manyan gwamnati da wuraren shagali, daga can gaɓar teku ya zo. Kyamara biyu muke da su. Akwai Yashica mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama, fim ɗinta hoto 12 kacal yake ɗauka, ita ce ta cikin shago. Akwai kuma Nikon FM da gilashi mai milimita 50, fim ɗinta hoto 36, ita ake rataya idan za a fita biki ko suna ko naɗin sarauta. Cikin shago ba mu da damuwa, mu ke cewa mutum ya zauna nan, ya ɗaga haɓa, ya dubo nan. Da an fita waje sai magana ta sake, domin a waje ba mai hoto ke zaɓen inda zai tsaya ba.

A ƙasarmu kowane wuri yana da iyakarsa. Gaban sarki akwai inda dogari zai ɗaga maka hannu, kuma daga nan ba ka ƙara taku. Amarya tana cikin ƙawayenta, namijin da ba muharraminta ba bai isa ya kutsa ya tsaya mata a gaba ba. Malami yana zaune kan buzu, ba a tsaya masa a ka. Tsohuwa kuwa, da ka matso da ƙarfe kusa da idonta, sai ta ja mayafi ta kau da kai. Shi kuma gilashi mai 50, kafin fuska da kafaɗu su cika katin, sai ka matso kamar mita ɗaya. Mita ɗaya tsakaninka da Ƙaura ko Durbi ko Galadima, kana tsaye suna zaune! Ko an ƙyale ka, kai da kanka ba za ka iya ba in dai an yi maka tarbiyya.

A Tsibiri muka fi jin wannan a jikinmu. Garin yana kusan kilomita 12 daga Maraɗi, kuma tun da Sarki Mayaƙi ya kafa shi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, nan sarautar Gobir ta zauna. Ranar hawa, tun kafin ka ga ƙofar fada kake jin tambari da kakaki. Dawaki cikin ado, ƴan lifidi, Taran Gobir kowa da jama'arsa, Inna da matan da ke tare da ita, ƙura ta tashi har ta rufe rana. Duk abin da mai hoto ke nema yana wurin, amma an tsayar da kai can nesa, mita goma ko fiye. Daga mita goma, gilashi mai 50 yana kwaso faɗin wuri fiye da mita bakwai. Idan aka wanke hoton sai ka ga sama ta cinye rabin kati, ƙeyar jama'a ta cinye saura, wanda aka zo dominsa yana can tsakiya ɗan mitsitsi. Wani dattijon bafade ya taɓa karɓar irin wannan hoton daga hannun maigidana, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, sannan ya ce, “Malam, na ga doki, na ga laima. To ina mutumin?” Maigida bai ce uffan ba har muka hau babur muka kamo hanyar gida.

Ƙarshen shekarar 1993 ya ce in shirya, za mu Kano. Muka bi ta Ɗan Isa, muka tsallaka Jibiya, muka ratsa Katsina. A wajen Sabon Garin Kano akwai masu sayar da kayan hoto, sabo da na hannu, nan masu hoton Maraɗi da Damagaram ke sayayya. Mai shagon ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera mana gilashi uku, dukansu Nikon, dukansu na hannu. Na farko zum ne, daga 80 zuwa 200, buɗinsa f/4.5. Na biyu mai tsayi ɗaya ne, 135, f/2.8. Na uku shi ma ba ya zuƙowa, 105, f/2.5, ɗan gajere mai nauyi a hannu, fentin bakinsa ya ɗan goge.

Mai shago zum yake ta yabo, yana cewa gilashi huɗu ne a cikin ɗaya. Maigida bai yi musu ba. Ya ce da ni, “Ɗana, tafi can ƙuryar shago, inda babu haske, ka tsaya.” Na je na tsaya tsakanin kwalaye. Ya ɗaura na farko ya leƙa, ya murza, ya sake murzawa, ya cire. Ya ɗaura na biyu, ya ja da baya har ya fita daga shagon ya tsaya bakin titi kafin ya same ni daga kai zuwa ƙugu. Ya ɗaura na uku, ya leƙa, ya daɗe bai sauke ba. Sannan ya kira ni, ya sa yaron shagon ya tsaya inda na tashi, ya miƙo mini kyamarar ya ce in duba da kowanne. Da zum ɗin, yaron yana cikin duhu-duhu, ina murzawa ina laluben idonsa. Da 105 sai na ga har gashin girarsa, kwalayen da ke bayansa kuwa sun narke sun zama launi kawai. Ban taɓa ganin mutum ya fito daga cikin tarkacen da ke kewaye da shi haka ba.

A mota, kan hanyar dawowa, ya yi mini bayanin abin da ya sa ya bar 135, alhali ya fi kai wa nesa. Ya ce, “Wancan na fili ne. Gidajen Maraɗi ba su da bayan da za ka ja. Kana taku uku ka bugi randa ko turmi.” Gaskiyarsa, wanda ya san tsakar gidajen tsofaffin unguwanni, waɗanda aka yanka bayan ambaliyar 1945 ta kori gari daga fadama ya hau tudu, ya san yadda ƴaƴa da jikoki suka cike su da ɗakuna. Da 105, daga mita biyu kana samun kai da kafaɗu, daga mita biyar kana samun mutum a tsaye, daga mita goma kana samun doki da mahayinsa sun cika kati. Ya auna waɗannan wurare uku a kansa tun kafin mu bar gida. Ƴan makonni bayan dawowarmu, ranar 12 ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Fim da takarda da ruwan wanki duk suka yi tsada, kowane latsi ya zama kuɗi, kuma gilashin da ba ya ɓata maka fim ya ƙara daraja a idonmu.

A Jiratawa na fahimci abin da lambar nan ta f take nufi. Garin yana kudu da Maraɗi, a bakin gulbi, inda aka yi aikin noman rani na hekta sama da 500 a farkon shekarun 1980, da rijiyoyi da famfuna da magudanan siminti. Mukan je ɗaukar aure da suna, wani lokaci kuma ƙungiyar manoma ta kira mu idan baƙi za su zo. Wata rana muna jiran a fito da ango, maigida ya nuna mini wani manomi yana ban ruwa. Ya ce in ya buɗe bakin magudana sosai, nan da nan fangali ya cika ya toshe, in kuwa ya buɗe kaɗan sai ya daɗe yana jira. Haske ma haka yake shiga kyamara. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashi mai f/2.5 yana shigar da haske fiye da ninki uku na mai f/4.5, saboda haka kyamara tana ƙiftawa da sauri ta rufe kafin hannunka ya girgiza ko mutum ya motsa. Ƙa'idar da muka riƙe ita ce, da dogon gilashi irin wannan kada ƙiftawa ta wuce kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa idan a hannu kake riƙe da kyamara. Fim ɗinmu kuwa mai lamba 100 ne ko 200, Kodak ko Fuji ko Konica, ba a ƙara masa ƙarfi yadda ake yi wa kyamarar yanzu.

Amfanin wannan ya fi fitowa tsakanin la'asar sakaliya da magariba, kuma a wannan lokacin ne ake yin rabin hidimar biki a ƙasarmu. Rana ta yi sanyi, mata sun gama kwalliya, haske ya kwanta a gefen fuska maimakon ya sauko daga tsakiyar ka ya bar ramin ido baƙi ƙirin ƙarƙashin rawani. Masu zum tun da wuri suke kunna filashi, shi kuwa filashi yana sa fuska ta yi ƙyalli, ya jefa baƙar inuwa a bango, ya kuma sanar da kowa cewa an ɗauke shi. Mu muna da sauran ɗan lokaci kafin mu nemi filashi, kuma a cikin ɗan lokacin nan muka ɗauki hotunan da har yau nake alfahari da su. Akwai na wata amarya a Jiratawa. Ina tsaye bakin zaure, inda ya dace baƙo ya tsaya, ita tana can ƙofar ɗakin uwarta, gwaggonta tana gyara mata lulluɓi tana yi mata magana a kunne. Bayansu itatuwan zogale ne da suka leƙo ta saman danga, sun zama kore mai laushi. Tun da rana na nemi izinin uban gidan, an san ina wurin, amma da yake ban tsaya musu a ka ba sai suka manta da ni. Fuskar da ta fito a katin nan ba irin ta gaban labulenmu ba ce. Yarinya ce da za ta bar gidansu, ana yi mata nasiha, tana saurare.

Nisan nan yana da wani alheri kuma. Duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke girma, shi ya sa wanda aka ɗauka daga kusa-kusa hancinsa kan kumbura, kunnuwansa su ja baya. Ja baya mita biyu ko uku, sai fuska ta koma yadda mutane suka san ta. Tazarar ce ke gyara kamanni, aikin dogon gilashi shi ne ya cika maka kati daga inda ka tsaya. Amma yana da sharaɗi mai tsauri. Idan ka buɗe shi duka a f/2.5 daga mita biyu, abin da zai fito tangaran bai wuce kaurin santimita biyar ba. In ka saita kan hanci, ido ya tafi. Kullum maigida cewa yake, “Ido, ɗana, idon da ya fi kusa da kai.” In mutum biyu ne ko uku sai a rage buɗin zuwa f/5.6, in ba haka ba ɗaya ya fito ɗaya ya dushe, a zo ana cewa ka yi son kai. Ga kuma sha'anin farar shadda. Babbar riga fara sol takan ruɗi ma'aunin haske na kyamara, ya rage haske, fuskar mai rigar ta nutse. Sai mu auna hasken a kan fata, ko mu ƙara buɗi da mataki ɗaya.

Salla ta zagayo muka koma Tsibiri. Inda dogari ya tsayar da mu bara, nan ya tsayar da mu bana, ba mu roƙi a matsar da mu ba. Da aka wanke fim, sai ga fuskoki. Ga gumi a goshin mai busa kakaki. Ga wani tsohon barde, amawali ya ɗan zame, zanen Gobirci ya fito layi-layi daga gefen baki zuwa kunne, har kana iya ƙirgawa. Dattijon nan da ya tambayi ina mutumin, shi ya fara sayen kati, ya kuma aiko ƴaƴansa a ɗauke su. Daga shekarar nan aka fara kiranmu fadar Maraɗi ma, zamanin Sarki Buzu, da gidajen alhazan gari idan ana walimar dawowa daga Makka.

Daga baya na ga hoton yarinyar nan ta Afganistan mai koren ido, wanda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin gudun hijira a Pakistan cikin 1984, mujallar National Geographic ta buga shi a bangonta cikin Yunin 1985. Da irin gilashinmu aka ɗauke shi, 105 mai f/2.5, a kan Nikon FM2. Na ji daɗi ƙwarai da na san haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duniya ta yi shekara 17 tana kallon fuskar nan ba ta san sunan mai ita ba, sai a 2002 aka gano ta, Sharbat Gula. A shagonmu akwai littafi, duk wanda aka ɗauka sai an rubuta sunansa da unguwarsa. Maigida ya hana mu ɗaukar wanda bai sani ba, ko da gilashin zai kai. Yakan ce an ba mu nisa ne don mu girmama mutane, wanda ya yi sata da shi ya bar masa shago.

Ba ko'ina 105 ke isa ba. A filin kokowa na Maraɗi, wanda aka sa wa sunan Kantu, gwarzon da ya ɗauki takobin farko a Tawa cikin 1975, da'irar tana da faɗi, kuma ƴan kokowa ba sa kaye a inda kake so. Nan sai mai 180 ko 200, mukan ara wurin wani abokin sana'a. Hawan ƙaho ma haka, ba wanda zai matsa kusa da bijimi don neman hoto.

Sai zamani ya juya. Kamfanin fim na Agfa ya durƙushe a 2005, Konica ta bar harkar hoto a 2006, wuraren wanki suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sannan waya ta shiga aljihun kowa. Layin ranar Salla ya ragu har ya ɓace. A bikin 18 ga Disamba na 2015, Maraɗi Kwalliya, na ga samarin masu hoto da manyan zum 70 zuwa 200 masu f/2.8, kuma na yaba aikinsu, don gilasan yanzu sun fi na zamaninmu kaifi. Sai dai kowanne ya kai kilo ɗaya da rabi, namu bai cika rabin kilo ba, kuma kuɗin ɗaya zai sayi masu tsayi ɗaya biyu ko uku. Wanda ya wuni a rana daga filin idi zuwa ƙofar fada ya san bambancin a wuyansa. Ga ƙurar hunturu, wadda ta fi samun hanyar shiga gilashin da ke zuƙowa yana komawa.

Yara masu tasowa sukan zo su tambaye ni wanne za su saya. Nakan fara da tambayarsu inda aka saba tsayar da su, da kuma irin kyamarar da ke hannunsu. Yawancin kyamarorin da ake samu da sauƙin kuɗi ƙaramin faranti gare su a ciki, suna yanke gefen hoto, sai gilashi ya zama kamar an ninka tsayinsa sau ɗaya da rabi a Nikon, ko 1.6 a Canon. A kan irinsu, mai 50 f/1.8 yana aikin mai 75 ko 80, shi ne na tsakar gida da ɗakin amarya, kuma shi ya fi kowanne araha. Mai 85 f/1.8 yana komawa wajen 130, ya dace da hawa da taron fili, amma zai matse ka a cikin gida. Wanda kyamararsa ke da cikakken faranti kuwa, 85 f/1.8 ya ishe shi yawancin aikin biki, 135 f/2 kuma sai in aikinsa ya fi yawa a fili. Ban ga dalilin da mai farawa zai ci bashi don f/1.4 ko f/1.2 ba. Ƙarin hasken bai kai yawan ƙarin kuɗin ba, kuma a wannan buɗin ko numfashi mutum ya yi ido ya kuɓuce. In na hannu ne, a haska tocila ta cikinsa a duba ko danshin damina ya sa masa furfura, a murza zoben a ji ko yashi na ƙara, a duba ganyayen ƙofar haske ko mai ya zubo musu. Tabo a jikin ƙarfe ba ya hana hoto kyau.

Abin da nake roƙon masu hoton yanzu shi ne su ɗauki gilashin nan su fita bayan gari, ko da ba wanda ya kira su biki. Yawanci an daina yi wa yara zane, masu ɗauke da zanen Gobirci da na Katsinanci a fuska kullum raguwa suke yi. A Tsibiri da Jiratawa da ƙauyukan bakin gulbi akwai tsofaffi da yawa waɗanda hotonsu ɗaya ne a duniya, na katin ɗan ƙasa. Ku je da la'asar, ku yi sallama, ku gaida su yadda ya kamata, ku nemi izini, ku tsaya inda aka nuna muku. Ku rubuta sunan kowa da garinsa, sannan ku wanke kati ɗaya ku mayar wa mai shi.